Likkafanin da Ba Zan Sa Miki a Akwati Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Zuwaira, a ɗakinta, unguwar Kodjoviakopé, Lome.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga nan Zango, da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a kan ruwa, ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki. Amin.

Bayan haka, saƙonki ya iso. Kin ce jirgin ruwanku na Libreville ya kusa tashi, an riga an kai dilolin atamfa tasha, abu ɗaya ya rage: in aiko miki da likkafani, kamar yadda kowace uwa a Zango take shimfiɗa wa ɗanta a ƙasan akwati idan zai yi doguwar tafiyarsa ta farko. To, ba zan aiko ba. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in zo, don ni da ke idan muka zauna, kafin in kai rabin magana kin ce mini "Ça va aller, Maman", wai komai zai daidaita, ni kuma raina ya ɓaci, mu rabu ba a faɗi komai ba. Takarda dai ba za ki iya katse ta ba, sai ki daure ki karanta har ƙarshe.

Da mijinki ya zo gaishe ni na tsare shi da tambaya. Ya ce kin yi wa kayan inshora, abin da ku 'yan lakwal, masu karatun boko, kuke kira asirans, saboda mai siton da ya ba ki atamfar ya ce ba zai sake ta ba sai da ita. Na ce masa madalla, ita mai kayan fa? Sai ya shiga sosa ƙeya. Wato turmin atamfa ya sami mai tsaya masa idan ya jiƙe, ke kuwa da na ɗauki cikinki, na goya ki, kin nema wa kanki farin ƙyalle. Kuma kin sani sarai ana amai da gudawa a garuruwan bakin teku. Rediyo bai faɗa ba tukuna, amma kin san rediyonmu, ba ya faɗin abu sai an ba shi izini. Matan da suka dawo daga can sun gaya mini a kasuwa, murya ƙasa-ƙasa.

Kin san yayata Azumi ta rasu a hanyar Duwala, kin taso kina jin haka. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda tafiyar ta kasance, don duk lokacin da na ɗauko zancen sai wani ya ce a bar tuna baya. Yau ba mai hana ni.

Lokacin muna tsohon Zango, kafin a rushe shi a kwaso mu nan. Ke kina ƙaramin aji a lakwal, muka bar ki wajen Innarmu. Ni da Yaya Azumi mun haɗa jari muka sayi atamfa za mu kai Duwala. Ranar da muka je sayen tikiti an rufe kasuwa, an kwashe mata an jera a bakin titi ana rawar animasiyon ta yabon gwamnati don tarbar wani babban baƙo. Muka yi tafi, muka yi juyi, da muka ga ido ya bar kanmu sai muka sulale ta lungu da zanen jam'iyya a jikinmu muka nufi ofishin jirgi. Akwai wani saurayi mai tabarau a bayan kanta. Da ya gama rubuta mana tikiti sai ya ce, cikin yaren Mina, akwai wata takarda daban. Idan mun ƙara wani abu kaɗan, to in ciwo ya kama mu a hanya, akwai kamfanin da zai sauke mu daga jirgi, ya kai mu asibiti, ya kuma dawo da mu gida. Ya ce lokacin ba shi da kyau, ana jin ƙishin-ƙishin ɗin kwalara.

Yaya Azumi ta taɓa ni ta ce, "Rabi, mu dai saurare shi."

Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce masa mu jikokin fatake ne, kakanmu da jakuna ya tako daga Kano har Gwanja ba takardar kowa a aljihunsa. Muna da Allah, muna da mai masauki a kowane gari, muna da likkafani a akwati, me kuma ya rage? Na ja hannun Yaya muka matsa gefe. A bayanmu akwai Dada Afi, wata 'yar Mina mai sayar da man shafawa, wadda rumfarta ke kallon tamu. Ita ta kwance bakin zane ta saya. Har na tsokane ta, na ce, "Dada, ashe ke ma tsoron mutuwa kike?" Ta ce, "Ƙwarai kuwa, 'ya'yana ƙanana ne." Na yi dariya, na ɗauka na fi ta imani.

Saboda haka ga magana ta farko. Gobe da safe, kafin ki ɗora tukunya, ki koma ofishin da kika yi wa kaya, ki yi wa kanki inshora. Kada ki jira sai rediyo ya yi magana. Dada Afi ta gaya mini daga baya cewa da zarar hukuma ta sanar da annoba, masu inshora kan fara noƙewa, wasu su daina sayarwa, wasu su sayar amma su cire cutar da ake gudu daga ciki. Kuma idan kin je, kada ki ce wa ma'aikacin "ciwo", ki kira ta da sunanta, ki ce kwalara. Idan ta kama ni a tsakiyar ruwa, wa zai sauke ni? Idan aka killace jirgi aka hana kowa sauka, wa zai ci da ni, kuma ina lafiya ko ba ni lafiya? Idan aka ajiye ni a garin da ba can na nufa ba, wa zai dawo da ni Lome? Idan jirgin ma ya fasa tashi saboda cutar fa? Kowace tambaya ki sa ya ɗora yatsansa a kan layin da ya amsa ta, ki karanta da idonki. In ya ce miki "kada ki damu, madam", to wannan ba amsa ba ce, ki sake tambaya. In kuma tasu ba ta ɗauki annoba ba, ki fita ki nemi wani ofishin. Ni ban iya Faransanci ba, ga kuma taurin kai. Ke taurin kan kawai kika gada, Faransancin kuwa na sha rana a kasuwa kafin ki iya shi, yanzu nake son ki more mini shi.

Muka shiga jirgi. Mu masu ƙaramin tikiti a sarari muke kwana, a saman jirgi ƙarƙashin tamfol, kowace da tabarmarta. Matan Zango muka haɗu a kusurwa ɗaya, masu atamfa da masu goro. Jirgi ya tsaya a wata tasha a hanya, masu kwale-kwale suka kewaye shi suna miƙo abinci da ruwa a gwangwani. Ruwan jirgi ɗumi gare shi, ga warin ƙarfe, nasu kuwa da sanyi. Muka saya muka sha, ni da Yaya. Ni ko ciwon kai ban yi ba. Ita kuwa, washegari bayan azahar, cikinta ya fara.

Kin san mu da sutura. Nan da nan mata suka miƙe, kowa ta kwance zanen da ke saman kayanta, muka ɗaɗɗaura a jikin igiyar tamfol muka yi mata ɗaki. Wata tsohuwa mai goro, babba a cikinmu, ta ce kada wadda ta kuskura ta kira likitan jirgi, don in ya gani za a tsare jirgin gaba ɗaya, goron mutane ya ruɓe. Ba zan ɗora mata laifin duka ba. Ni ma ban so wani namiji baƙo ya ga yayata a wannan hali ba, mace mai kunya wadda ko a gida ba ta cin abinci a gaban surukai. Muka jiƙa mata kanwa, muka ba ta rubutun da muka taho da shi a kwalba. Duk abin da ya shiga sai ya fito. Dada Afi ta ɗaga zane ta leƙo ta ce, "Rabi, wannan ba na ɓoyewa ba ne, ki kira likita." Na ce ta je ta ji da man shafawarta.

Cutar nan sauri gare ta, Zuwaira. Ina kallo idanun Yaya suka faɗa, fatar yatsunta ta yamutse kamar ta wadda ta wuni tana wanki. Muryarta ta shige ciki. Abin da kawai take iya cewa shi ne, "Rabi, ƙishirwa." Ba mu muka kira likita ba, wani ma'aikacin jirgi ne ya zo wanke dandamali ya ga abin da ke gangarowa ta ƙarƙashin zannuwanmu. Da likitan ya zo bai yi mana faɗa ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce da wuri ya kamata. 'Yan kwalaben ruwan da ake ɗaura wa marar lafiya da yake da su ba su da yawa, kuma a lokacin masu ciwon sun ƙaru.

To ga magana ta biyu. Idan cikinki ya motsa a jirgi, ko na wadda ke kusa da ke, ki tashi ki kira likita tun a karon farko. Za a zage ki. Za a ce kin tona asiri, kin jawo wa mutane asara, 'yar lakwal ce ba ta san sutura ba. Ki bar su su faɗa. Zagin zai wuce, kuma ni na sha zagin kasuwa iri-iri ban ga wanda ya bar mini tabo ba. Kada ki sha ruwan kwale-kwale komai sanyinsa. Ki tafi da butarki da ɗan risho, ki tafasa, ki riƙe gishiri da sukari a jaka don haɗa ruwan da ma'aikatan asibiti suke koya wa mata. Allurar rigakafi kuma ki tsaya a yi miki ita a jikinki. Na san akwai masu buga hatimi a kati ba tare da allura ba, na san ma inda suke zama, kada in ji an gan ki a wurin.

Da muka iso bakin Duwala jirgi bai shiga tasha ba. Aka ɗaga wata tuta rawaya, aka saki anga can nesa, aka ce ba shiga ba fita. Ina hango rufin gidaje. A cikin garin nan akwai Alhaji Bawa, mai masaukinmu, aminin mahaifinmu, mutumin da in ka sauka a gidansa ba ka sayen ko ruwan alwala. Shi na dogara da shi tun daga Lome. Kuma wallahi bai gaza ba. Daga baya na ji kullum sai ya zo tasha da kwanukan abinci ana mayar da shi. Har kwale-kwale ya ɗauka haya, masu gadi suka kore shi. Duk girmansa da mutuncinsa a zangon Duwala, iyakarsu bakin ruwa.

Ana nan sai cutar ta kama Dada Afi ita ma. Likitan jirgi ya aika da saƙo tudu. Da hantsi sai ga ƙaramin jirgi mai inji, da wakilin kamfanin inshorar nan da wata ma'aikaciyar jinya. Suka kira sunanta, aka ɗaure ta a kujera aka zura ta ƙasa da igiya. Ni kuwa na tuɓe 'yan kunnena da warwaraina na durƙusa gaban mutumin nan na riƙe ƙafar wandonsa. Ni Rabi, mai bakin nan. Bai wulaƙanta ni ba, har ya sunkuyo ya ɗaga ni. Ya ce izinin da hukuma ta ba shi na mutanen kamfaninsa ne kawai, in ya ɗauki wata za a mayar da su duka. Ya ce in yi haƙuri, jirgin asibitin gwamnati yana zuwa, sai dai masu ciwo a gari sun yi yawa.

Jirgin asibitin ya zo, amma Yaya Azumi ba ta jira shi ba. Washegari da safe ta cika, kanta a cinyata, ina ɗiga mata ruwa da bakin mayafi.

Waɗanda suka zo ɗaukarta sun rufe hanci da baki, da safar roba har gwiwar hannu. Na ce su dakata. Na ruga na buɗe akwatinmu, na zubar da kaya, na ciro likkafaninta, wanda Innarmu ta ɗinka da hannunta ta turara shi. Na miƙa musu. Babbansu ya girgiza kai. Ya ce ba wanka, ba taɓawa, kuma ko tsinke ba zai bar jirgin nan ya hau tudu ba. Suka barbaɗa mata wani farin gari, suka naɗe ta a shimfiɗar roba tasu, suka sauke ta. Ina tsaye da farin ƙyalle a hannu har suka ɓace mini. Abu ɗaya da na bugi ƙirji da shi a gaban saurayi mai tabarau ke nan, shi ma bai yi mata aiki ba.

Da aka sake mu, Alhaji Bawa ya yi ta bin ofisoshi yana neman kabarinta. Aka nuna masa wani fili a bayan gari aka ce a nan ne, ba alama ko ɗaya. Shi da mutanen zangon can suka yi mata salla ba gawa a gabansu.

Ga magana ta uku. Idan kin sauka Libreville ki girmama mai masaukinki, ki kai masa tsaraba, ki gaida matansa, kada ki sayar da ko yadi ɗaya a bayan idonsa. Da wannan zumunci kakanninmu suka ci kasuwar duniya, ban ce ki raina shi ba. Amma su a ƙasa suka yi tafiyarsu, inda in ka faɗi wani zai tsaya a kanka. A ruwa, ranar da aka ɗaga tutar nan, wanda hukuma ta san da shi ne kaɗai ake bari ya matso. Ki tabbata akwai mai irin wannan izini da ya san sunanki. Takardar kuma kada ki cusa ta cikin dila, ki sa ta a leda ki ɗaura a ƙugu, ki bar wa mijinki lambarta.

Na san wanda yake hure miki kunne. Kawunki Sani ne, ƙanena, mai cewa inshora rashin tawakkali ne, wai mutum yana yi wa Allah wayo. Ki gaishe shi, ki tambaye shi kwaɗo nawa yake sa wa shagonsa idan zai tafi masallaci. Ni ba malama ba ce, ba zan yi masa fatawa ba. Kuma ban ce da na sayi takardar nan Yaya Azumi za ta rayu ba. Kwananta ne ya ƙare, na yarda da wannan, da shi nake samun barci. Amma ita ta ce mu saurara, ni na ja hannunta, kuma ko a lokacin ban ji a raina cewa don Allah na yi ba, don kada 'yar Mina ta ga na ji tsoro ne. Dada Afi tana nan da ranta, tana da rumfa a kasuwar Assiyéyé, jikokinta na taya ta. Duk ranar da na bi ta wajen sai ta taso ta rungume ni, ba ta taɓa tuna mini abin da na faɗa mata ba. Na fi son ta zage ni.

Ranar da na dawo gida, bayan an yi koke-koke an watse, Innarmu ta jawo akwatin tana fitar da kayan Yaya don a raba. Ta kai ƙasa sai ta tsaya. Ta ɗago likkafani ɗaya, ta ɗago na biyu. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Rabi, to da me aka rufe ta?" Ba ta sake tambayata ba har ta koma ga Allah, amma daga ranar ba ta ƙara ɗinka wa kowa likkafani ba.

Ina tsoro, Zuwaira, ban ɓoye miki ba. Da son raina ne da kin haƙura har cutar nan ta lafa. Amma na san kin ɗauki kayan mutane, na san kuma irin ranki, don nawa ne. Ba zan hana ki neman halalinki ba, ni ma da shi na rufa mana asiri bayan rasuwar mahaifinki. Ki je. Sai dai ranar tafiya zan zo tasha da kaina, kuma za ki nuna mini takardar, ki karanta mini wurin da aka rubuta kwalara ki fassara mini da Hausa. In babu, zan zauna a kan akwatinki a gaban kowa. Kin san nauyina, kin kuma san ba na jin kunyar taro. Sai dai jirgin ya tafi da mu duka ko ya bar mu duka.

Amma zancen likkafani, ki cire rai. Nawa na wancan lokaci da shi muka rufe Innarmu. Na Yaya Azumi yana nan a ƙasan adakata, duk shekara ina fitar da shi in shanya in turara in mayar. Na riga na gaya wa Kawunki, yanzu kuma ina gaya miki a rubuce: da shi za a naɗe ni. Kuma ba na son hannun kowa a kaina sai naki. Ke za ki yi mini wanka, ke za ki ɗaure mini shi, ki tsaya ki ga inda aka sa ni don ki nuna wa 'ya'yanki. Wannan aikin yana jiranki a Zango, saboda haka dole ki dawo.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki sayar da albarka. Ya tsare cikinki daga abin da za ki ci da abin da za ki sha, ya kwantar muku da ruwa, ya nisanta ku da tutar nan. Allah ya jiƙan Yaya Azumi a inda take kwance, shi ya san wurin. Ki gaida maigidanki, ki ce masa ya raka ki ofishin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi